ƘWARON KUMFA A GONAR DAWA: ASALINSA, DANGINSA DA HANYOYIN RAGE ƁARNARSA

Gabatarwa

Idan damina ta yi nisa a yankin Mubi, musamman cikin watannin Agusta da Satumba lokacin da ruwa ya fi ƙarfi, manomin da ya yi sammako zuwa gonarsa ta dawa ko masara yakan ci karo da wata farar kumfa maƙale a jikin kara, ko a inda ganye ya haɗu da kara, ko a kan ciyawar bakin gona. Kai ka ce wani ne ya tofa yawu ya wuce. Akwai masu ɗaukar ta yawun maciji su kauce mata, akwai masu cewa na kwaɗo ne, akwai kuma waɗanda ba su ko damu da ita ba.

Wannan kumfa aikin ƙwaro ce. Idan ka sa tsinke ka share ta a hankali, za ka tarar da wani ɗan ƙwaro mai taushin jiki, marar fiffike, ya kafa baki a jikin shuka yana tsotso. A cikin wannan jagora za mu kira shi ƙwaron kumfa. Za mu yi bayanin matsayinsa a cikin jerin halittu kamar yadda masana suka tsara, da nau'o'insa biyu da suka fi damun dawa a arewacin Nijeriya, da yadda za ka bambanta shi da sauran ƙwari masu kama da shi.

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan manomi da sunayen da masana ke ba ƙwari? Amsar tana cikin aljihunsa. Sau da yawa a ziyarar gonaki mukan tarar da manomi ya ga ganyen dawarsa ya yi ɗorawa, ya ɗauka yunwar taki ce, ya sayar da akuya ya sayi buhun yuriya ya zuba, amma ganyen bai sake ba. Wani kuma ya sayi maganin tsutsa ya fesa, alhali abin da ke cin gonar ba tsutsa ba ce. Duka biyun sun yi asarar kuɗi saboda ba su san abokin gabarsu ba.

Yadda Masana Ke Karkasa Halittu

Idan za ka aika wa mutum saƙo, ba ka tsayawa a kan sunansa kawai. Sai ka ce yana Nijeriya, Jihar Adamawa, Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa, unguwar Lokuwa, gidan wane. Kowane mataki yana rage yawan mutanen da ake nufi, har a zo kan mutum ɗaya. Haka masana ke yi wa halittu. Sukan fara daga babban taro, su riƙa ragewa har su iso kan nau'i guda.

Wanda ya daidaita wannan tsari shi ne Carl Linnaeus, masani ɗan ƙasar Suwidin. Littafinsa na shekarar 1758 shi ne aka ɗauka mafarin sunayen dabbobi da ƙwari da ake amfani da su har yau. A tsarinsa kowace halitta tana da suna mai kalmomi biyu cikin harshen Latin: ta farko sunan zuriya, ta biyu sunan nau'i. Amfanin haka a fili yake a gari irin Mubi, inda ake jin Hausa da Fulatanci da Gude da Fali da Nzanyi a kasuwa ɗaya. Ƙwaro ɗaya yana iya samun suna daban a kowane harshe, kuma suna ɗaya yana iya haɗa ƙwari uku da ba su da alaƙa. Sunan Latin kuwa ɗaya ne ga mai bincike a Samaru, da takwaransa a Marwa ta Kamaru, da wanda ke Indiya ko Burazil. Da shi ne muke iya ɗauko abin da aka gano a wata ƙasa mu san ko ya shafi ƙwaron da ke gonarka.

Matsayin Ƙwaron Kumfa a Jerin Halittu

1. Masarauta: Animalia. Ta ƙunshi dukkan dabbobi, tun daga saniya har kiyashi.

2. Babban rukuni: Arthropoda. Halittu masu ƙafafu gaɓa-gaɓa da ɓawo mai tauri a waje maimakon ƙashi a ciki, kamar kunama, gizo-gizo, kaska da fara.

3. Aji: Insecta. Ƙwari na ainihi, masu ƙafa 6 da jiki kashi uku: kai, ƙirji da ciki. A nan ne kunama da kaska suka fita, domin ƙafafunsu 8 ne.

4. Sahu: Hemiptera. Ƙwari masu baki kamar allura, waɗanda ba su tauna abinci sai dai su huda su tsotsa. Kuɗin cizo yana cikin wannan sahu, haka ma darɓa, da farin ƙuda, da ƙwarin da ke tsotse kwanson wake.

5. Ƙaramin sahu: Auchenorrhyncha. Masu tsotson shuka waɗanda bakinsu ke fitowa daga ƙasan kai kusa da wuya. Yawancinsu gwanayen tsalle ne.

6. Babban dangi: Cercopoidea. Nan ne gidan ƙwarin kumfa baki ɗaya. An san kimanin nau'i 3,000 a duniya, mafi yawansu a ƙasashe masu zafi.

Wannan babban dangi ya kasu zuwa dangogi, kuma biyu daga cikinsu su ne suka shafi manomin dawa. Na farko Cercopidae, waɗanda manyansu kan yi launi mai haske, ja ko ruwan lemo tare da baƙi. 'Ya'yan da yawa daga cikinsu kan yi kumfarsu a gindin shuka ko a kan saiwa kusa da ƙasa. Na biyu Aphrophoridae, wanda ma'anar sunan a harshen Girka ita ce mai ɗauke da kumfa. Su launinsu ruwan ƙasa ne ko toka-toka, kuma 'ya'yansu sun fi yin kumfa a sama, a jikin kara da ganye.

Akwai kuma Machaerotidae da ake samu a Afirka da Asiya da Ostareliya, waɗanda 'ya'yansu ke gina wani ɗan bututu mai tauri a jikin reshen itace su zauna ciki. Akwai Clastopteridae, waɗanda galibinsu a nahiyar Amurka suke. A shekarar 2001 an ƙara wani ƙaramin dangi mai suna Epipygidae, shi ma daga nahiyar Amurka. Har yanzu masana na sake duba wannan rabo ta hanyar binciken ƙwayoyin gado, saboda haka idan ka ga littafi ya lissafa dangogin da ɗan bambanci, ba kuskure ba ne.

Abin da Tsarin Ke Koya wa Manomi

Kowane mataki a jerin nan yana ɗauke da darasi na aiki. Tunda ƙwaron kumfa ɗan sahun Hemiptera ne, ba za ka taɓa ganin rami ko yaga a ganyen da ya ci ba. Idan ka ga ganye ya yi ramuka, da kashi kamar dusa a cikin ƙoƙon masara, to aikin mai tauna ne, kamar tsutsar masara da ta shigo Nijeriya a shekarar 2016, ko tsutsa mai huda kara, ko fara.

Haka nan 'yan wannan sahu ba su da matakin tsutsa. Tsutsar kara tana bin matakai huɗu: ƙwai, tsutsa, kwanciya cikin kwanso, sannan malam-buɗe-littafi na dare. Ƙwaron kumfa matakai uku yake bi: ƙwai, ɗa mai kama da babba amma marar fiffike, sannan babba. Ɗa da babba duka tsotso suke yi, saboda haka ɓarnar ba ta tsayawa a mataki guda.

Nau'i Biyu da Ke Damun Dawa

Locris rubens. Ɗan dangin Cercopidae ne. Kalmar rubens a Latin tana nufin ja, kuma da wannan launi ake saurin gane shi. Tsawonsa wajen santimita ɗaya. Yakan zauna a kan ganye a fili, idan ka kai hannu ya yi tsalle ya tashi.

Poophilus costalis. Ɗan dangin Aphrophoridae ne, wanda aka fara bayyana kamanninsa a shekarar 1851. Girmansa kusan ɗaya da na farkon, amma launinsa ruwan ƙasa ne mai kama da busasshen ganye, don haka ganinsa ke da wuya. Kumfar da 'ya'yansa ke yi a jikin shuka ita ke fara tona asirinsa.

Dukansu biyu 'yan gida ne a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, ba baƙi ba ne. Ban da dawa, suna rayuwa a kan masara, gero, shinkafa, rake da ciyayi. Wannan ya sa manomin shinkafa a fadamar kogin Yedzaram da mai noman rake a Numan su ma abin ya shafe su.

Akwai wani ɗan'uwansu na zuriyar Ptyelus da ke zama bisa itatuwa a sassan Afirka. Idan suka taru da yawa, ruwan da suke fitarwa kan riƙa ɗiga ƙarƙashin itacen kamar yayyafi, alhali sama ba hadari.

Yadda Yake Rayuwa da Dalilin Kumfa

Masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Kano sun yi nazarin waɗannan ƙwari, aka wallafa sakamakon a shekarar 2000. Sun gano cewa macen Locris rubens tana saka ƙwai a cikin fatar ɓangaren ganyen da ya naɗe kara. Ɗan da ya ƙyanƙyashe yakan bi matakan girma 5, yana saɓa tsakaninsu, kuma daga ƙwai zuwa babba kimanin kwana 33 ne. Daminar Mubi kuwa takan kama daga Mayu zuwa Oktoba. Ke nan akwai isasshen lokacin da 'ya'ya za su girma su haifi wasu kafin dawa ta nuna.

A jikin kowace shuka akwai jijiyoyi iri biyu. Ɗaya tana ɗauko ruwa daga saiwa zuwa ganye, ɗaya tana rarraba abincin da ganye ya sarrafa. Darɓa tana tsotsar jijiyar abinci mai zaƙi, shi ya sa take barin danƙo a kan ganye. Ƙwaron kumfa kuwa jijiyar ruwa yake hudawa. Abincin da ke cikin wannan ruwa kaɗan ne ƙwarai, sai ya sha mai yawan gaske kafin ya ƙoshi, ya kuma fitar da ragowar. Ɗan ƙwaron yakan gauraya wannan ragowar da wani abu mai yauƙi daga cikinsa, ya riƙa hura iska ciki da ƙarshen jikinsa har ya zama kumfa.

Kumfar tana yi masa amfani uku. Tana hana jikinsa mai taushi bushewa a rana, tana rage masa zafi, tana kuma ɓoye shi daga tsuntsaye da gizo-gizo da tururuwa. Ga manomi akwai na huɗu da ya kamata ya sani: tana tare maganin feshi mai kashewa ta hanyar taɓa jiki, ya kasa isa ga ƙwaron.

Babban ƙwaro ba ya yin kumfa, tsalle shi ne kariyarsa. A shekarar 2003 wani bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila ya nuna cewa nau'in Philaenus spumarius, mai tsawon milimita 6 kacal, yana tsallen da ya kai santimita 70 sama, wato fiye da tsawon jikinsa sau ɗari.

Alamomin Ɓarna da Yawan Asara

Nau'o'in biyu suna cin dawa a kowane matakin girmanta, tun tana ƙarama har ta fitar da kai, kuma ba su bar zangarniya ba. Babbar alama ita ce tabo-tabo masu launin ɗorawa a kan ganye. Idan ƙwarin suka yi yawa, sababbin ganyaye kan bushe, ƙananan shuke-shuke kuma su mutu.

A gwajin da aka ambata, an rufe dawa irin ICSV 400, wadda aka sani da SAMSORG 40, cikin keji tare da ƙwari. An ga cewa gwargwadon yawan ƙwarin, gwargwadon ɓarnar. Manyan Locris rubens maza 15 da mata 15 da suka yi mako 5 suna tsotso sun rage yawan ƙwaya da kashi 35 cikin ɗari. Idan irin haka ta auku a gona baki ɗaya, mai sa ran buhu 20 zai rasa 7. A lura cewa gwajin keji ne, inda ƙwari ba su da wurin gudu kuma ba mai cin su. A gona ta yau da kullum, 'yan kumfa kaɗan nan da can ba su kai ga wannan asara.

Kama da Wane Ba Ta Wane

Ga abubuwan da aka fi rikita su da ƙwaron kumfa:

a. Yunwar takin naitirojin. Ɗorawar takan fara daga tsofaffin ganyayen ƙasa, daga tsinin ganye ta biyo tsakiyarsa, kuma takan shafi ɓangaren gona gaba ɗaya. Ta ƙwaron kumfa tabo-tabo ce, tana iya fitowa a sababbin ganyaye, kuma idan ka bincika za ka sami kumfa ko manyan ƙwari kusa.

b. Ƙwarin tsalle na dangin Cicadellidae. 'Yan ƙaramin sahu ɗaya ne da ƙwaron kumfa, amma 'ya'yansu ba su yin kumfa. Daga cikinsu akwai zuriyar Cicadulina, ƙanana ƙwarai, masu yaɗa cutar zane-zanen ganyen masara. Malamin gona mai gilashin ƙara girma zai bambanta su ta ƙafar baya: tasu tana da ƙananan ƙayoyi a jere kamar haƙoran mataji, ta ƙwaron kumfa kuwa ƙaya ɗaya ce ko biyu masu kauri, da wasu 'yan ƙanana a ƙarshenta.

c. Darɓa. Takan taru a ƙarƙashin ganye, ba ta tsalle, tana barin danƙo wanda daga baya kan yi baƙi.

Darasi Daga Wasu Ƙasashe

A Burazil da Kolombiya ƙwarin kumfa na dangin Cercopidae suna cikin manyan abokan gabar rake da makiyaya. Sukan busar da ciyawar kiwo har shanu su rame. Ɗaya daga cikin mafitar da aka samu daga ƙasarmu ta fito. Irin gamba da aka ɗauka daga Shika kusa da Zariya an gwada shi can, aka ga ƙwarin ba su cika yi masa lahani ba, aka fitar da shi ga makiyayan ƙasashen biyu a shekarar 1980. Manoman rake a Burazil kuma suna yaƙar ƙwarin da wani naman gwari mai suna Metarhizium, wanda ke kama ƙwaro ya kashe shi.

A kudancin Italiya, a shekarar 2013, an gano wata cuta mai suna Xylella fastidiosa da ke toshe jijiyar ruwa ta itacen zaitun. Babban mai yaɗa ta shi ne Philaenus spumarius, ɗan dangi ɗaya da Poophilus costalis namu, kuma miliyoyin itatuwa sun bushe. Kafin lokacin ba a ɗauki wannan ƙwaro a bakin komai ba a can. Wannan ya isa dalilin da zai sa mu riƙa sa ido kan namu.

Hanyoyin Rage Ɓarna

1. Duba gona akai-akai. Tun daga mako na biyu bayan tsiro, ka riƙa zagaya gonar aƙalla sau ɗaya a mako, da sanyin safiya. Ka duba kusurwa huɗu da tsakiya, shuka 10 a kowane wuri. Ka leƙa ƙoƙon shuka, jikin kara da gindi. Ka riƙe lissafin shuke-shuke nawa ke da kumfa domin ka san ko tana ƙaruwa mako bayan mako.

2. Noma a kan kari. Ciyayi su ne mafakar wannan ƙwaro, daga gare su yake hawa dawa. Ka yi noman fari da maimai a lokacinsu, ka sassabe ciyawar iyakar gona. Mai dabbobi sai ya yanke ta ya kai musu.

3. Shuka da wuri kuma tare da maƙwabta. Ƙaramar shuka ita ta fi saurin mutuwa. Dawar da ta yi ƙarfi kafin ƙwari su yawaita ta fi jurewa, gonar da aka makara kuwa ita ƙwarin unguwa ke taruwa a kai.

4. Haɗawa da juyawa. Tunda waɗannan nau'o'i sun fi son hatsi da ciyayi, haɗa dawa da wake ko gyaɗa, da juya gona tsakaninsu shekara bayan shekara, yana rage musu abinci, yana kuma gyara ƙasa.

5. Kashewa da hannu. A ƙaramar gona ko lambun bayan gida, murje kumfar tare da ɗan ƙwaron da ke ciki ya wadatar. Ba yawun maciji ba ce, kuma ƙwaron ba ya cizon mutum.

6. Kiyaye masu taimako. Gizo-gizo, tsuntsaye da tururuwa suna cin waɗannan ƙwari kyauta. Feshi barkatai su yake fara kashewa.

7. Magani a matakin ƙarshe. Idan kumfa ta yawaita a kan ƙananan shuke-shuke kuma ganye ya fara bushewa, ka nemi shawarar malamin gona kafin ka sayi komai. Shi zai zaɓa maka maganin da ya dace da masu tsotso. Kada ka sayi wanda ba shi da lambar rajistar hukumar NAFDAC ko wanda aka juye a wata kwalba. Ka bi ma'aunin da ke jikin takarda, ka rufe hanci da baki da hannuwa, kada ka sa yaro ko mai juna biyu feshi. Ka kiyaye kwanakin da aka gindaya kafin ka ba dabbobi ganye ko ciyawar wurin.

Yadda Za Ka Kai Samfuri

Idan kana shakka, yanko ganyen da ke da kumfa ka sa a leda mai tsabta. Kamo manyan ƙwari biyu ko uku da sassafe lokacin da sanyi ya kashe musu jiki, ka sa a ƙaramar kwalba mai murfi. Ka faɗi sunan ƙauyenka, irin da ka shuka, ranar shuka da ranar da ka fara ganin alamar. Mai wayar hannu sai ya ɗauki hoto kusa-kusa. Da waɗannan ne mai bincike zai tantance dangi da nau'i, ya kuma san inda ƙwarin ke ƙaruwa, daga Digil da Vimtim zuwa Gella, har Maiha da Hong da Michika.

Kammalawa

Ƙwaron kumfa ɗan sahun Hemiptera ne, babban dangin Cercopoidea. Jan cikinsu shi ne Locris rubens, mai ruwan ƙasa kuma Poophilus costalis. Tsotso suke yi, alamarsu tabon ɗorawa da farar kumfa, mafakarsu ciyawa. Manomin da ya riƙe waɗannan ba zai zuba taki a inda ƙwaro ke ɓarna ba, kuma ba zai sayi maganin da bai dace ba. Rigakafi ya fi magani.

Domin ƙarin bayani sai a tuntuɓi malamin gona mafi kusa, ko ofishin Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Jihar Adamawa da ke Mubi. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.